Batirin jirgin ruwa: yadda ake cika shi da yadda ake neman cutarsa

Kogin Isa, wanda wasu ke kira Kwara, yana ratsa ƙasarmu ta Nijar tsawon kilometir wajen 550. Yana shigowa daga Mali, ya bi ta Ayoru da Tilaberi da Yamai, ya fita ta wajen Gaya. Can gabas kuma, a jihar Difa, akwai tabkin Cadi da gulbin Komadugu. Bisa waɗannan ruwaye mutane da yawa suke samun abincinsu. Akwai masunta, akwai masu fito, akwai masu kai fasinja da kaya kasuwa.

A da, da gora da filafili kaɗai ake tuƙa jirgi. Yau jirage da yawa suna da inji. Wani injin da igiya ake tayar da shi. Wani kuwa sai da batir. Ko jirgin da ake tayar da injinsa da igiya yakan ɗauki batir, saboda fitila, da famfon kwashe ruwa, da cajin waya.

Idan batirin mota ya mutu bisa hanya, fasinja su sauka su tura. Amma jirgi fa? Ba a tura jirgi a tsakiyar kogi. Ruwa ne zai tafi da shi. Idan dare ne kuma babu fitila, wani jirgin yana iya karo da shi, ko ya hau dutse. Saboda haka sanin batir yana tsare dukiya, yana kuma tsare rai.

1. Mene ne batir?

Ku tuna da randar da ke gidanku. Randa ba rijiya ba ce. Ba ta ɓuɓɓugo da ruwa. Abin da aka zuba mata shi take ajiyewa. Idan ana ta ɗiba ba a zubawa, sai ta ƙafe. Haka batir yake. Yana ajiye ƙarfin wutar lantarki, wadda muke cewa kuran, har lokacin da za a bukace ta.

Wani masani ɗan ƙasar Italiya, mai suna Alessandro Volta, shi ya fara haɗa batir a shekarar 1800. Amma irin batirin da ake sake cikawa, wanda ke cikin motoci da jirage, wani Bafaranshe ne mai suna Gaston Planté ya ƙago shi a shekarar 1859.

Batirin jirgi akwati ne mai ɗakuna 6. Cikin kowane ɗaki akwai faranta na dalma iri biyu, masu launin ƙasa-ƙasa da masu launin toka. An tsoma su cikin ruwan batir, wato asid da aka gauraya da ruwa. Bisa akwatin akwai kawuna biyu. Ɗaya yana da alamar tarawa (+), ana ɗaura masa jar waya. Ɗayan yana da alamar ɗebewa (–), yawanci baƙar waya ce tasa.

Lokacin da batir ke ba da wuta, asid yana haɗuwa da dalma, sai wani farin gishiri ya riƙa kwantawa bisa faranta. Ruwan batir kuma ya riƙa yin salam-salam. Lokacin da ake cika batirin, aikin yana juyawa: gishirin ya narke, asid ya koma cikin ruwa da ƙarfinsa.

Ga abin lura. Idan aka bar batir babu wuta kwana da kwanaki, farin gishirin nan yana taurarewa. Idan ya taurare ba ya sake narkewa duka. Kamar randa ce da laka ta cika rabinta: ko ka cika ta har baki, ruwan da ta ɗauka kaɗan ne. Wannan ita ce cutar da ta fi kashe batura.

2. Awon wuta

Abu uku muke aunawa.

Na farko bolt. Shi ne ƙarfin da ke tura wuta cikin waya. Ku dubi shato na garinku: tsawonsa ne ke ba ruwan famfo ƙarfi. An sa wa wannan awo sunan Volta. Batirin tocila yana da bolt 1,5. Kowane ɗaki na batirin jirgi yana da bolt 2,1. Tun da ɗakunan 6 ne, cikakken batir yana da 6 × 2,1 = bolt 12,6. Amma a baki ana ce masa batir mai bolt 12.

Na biyu amper. Shi ne yawan wutar da ke gudu cikin waya, kamar yawan ruwan da ke bi ta tiyo.

Na uku amper-awa. Shi ne girman randar. Ana rubuta shi a jikin batir da haruffa Ah. Batir mai 100 Ah yana iya ba da amper 5 har awa 20, domin 5 × 20 = 100.

Ana auna bolt da wata ƴar na'ura mai waya biyu, ja da baƙa, wadda makanikai ke kira mita. A kashe inji da fitilu, a bar batir ya huta awa kaɗan. Sannan a ɗora jar wayar mita bisa kan (+), baƙar kuma bisa kan (–). Ga abin da lambobin ke nufi:

Bolt 12,6 ko 12,7: batir ya cika.
Bolt 12,4: an sha wajen kashi ɗaya cikin huɗu.
Bolt 12,2: saura wajen rabi.
Bolt 12,0: saura kaɗan, a cika shi yau.
Ƙasa da bolt 11,9: batir ya ƙare.

Kun ga tsakanin cikakken batir da wanda ya ƙare ko bolt guda babu. Don haka a karanta lambar da ke bayan waƙafi da kyau.

3. Wa ke cika batir?

Hanya ta farko ita ce injin jirgin da kansa. A shekarar 1831 wani masani na ƙasar Ingila, Michael Faraday, ya gano cewa idan maganaɗisu ya motsa kusa da naɗin waya, wuta tana gudu cikin wayar. Bisa wannan sani ake ƙera duk injunan ba da wuta.

A babban jirgi mai inji a ciki, akwai altaneta irin ta mota. Inji yana juya ta da wata ɗamara ta roba da ake kira fanbel. A ƙaramin inji kuwa, wanda ake maƙalawa bayan jirgi, babu fanbel. Akwai wani faifan ƙarfe mai nauyi bisa kan injin, an liƙa masa maganaɗisu, naɗin waya kuma yana ƙarƙashinsa.

Wutar da ke fitowa daga nan tana kai da komowa ne, gaba da baya. Batir kuwa ba ya karɓar irin wannan. Shi ya sa ake sa wani ɗan akwati mai miƙe wuta, don ta bi hanya ɗaya kawai. Yawanci a haɗe yake da mai daidaita wuta, wanda ke hana ƙarfinta wuce iyaka. Idan komi lafiya, lokacin da inji ke aiki mita zai nuna tsakanin bolt 13,8 da 14,4 bisa kawunan batir. Dole wannan lamba ta fi 12,6. Ruwa ba ya hawa tudu da kansa. Wuta ma sai ƙarfin mai turowa ya fi na batir sannan ta shiga.

Hanya ta biyu ita ce farantin hasken rana. Allah ya hore wa ƙasarmu rana. Faranti mai wat 100 yana ba da amper wajen 5 idan rana ta take. Shi ma yana bukatar nasa mai daidaita wuta tsakaninsa da batir. A riƙa share masa ƙura, musamman lokacin hunturu.

Hanya ta uku ita ce a ɗauki batir a kai shi gari, wurin masu caji. Caji mai sannu-sannu ya fi mai gaggawa. Batir mai 100 Ah, amper 10 sun ishe shi.

4. Lissafin mai jirgi

Wani mai jirgi yana da batir mai 100 Ah. Ga abin da ya sha a dare guda:

Fitila 2, kowace amper 2, awa 5: 2 × 2 × 5 = 20 Ah.
Famfon kwashe ruwa, amper 4, awa 2: 4 × 2 = 8 Ah.
Cajin wayoyi, amper 1, awa 4: 1 × 4 = 4 Ah.
Jimla: 32 Ah.

Injinsa yana ba da amper 10. A lissafi, 32 ÷ 10 ya fi awa 3 kaɗan. Amma batir ba ya riƙe duk abin da aka ba shi, wani kashi yana tafiya a zafi. In ya kusa cika kuma, a hankali yake karɓa. Ke nan sai injin ya yi aiki awa 4 ko fiye.

To, a ce mai jirgin nan fito kawai yake yi, daga wannan gaɓa zuwa waccan. Injinsa bai fi awa 1 yana aiki a yini ba. Kullum yana ɗibar 32, yana mayar da 10, giɓin 22 ke nan. Kwana 3 giɓin ya kai 66 Ah. Zai ce batirinsa ba shi da kyau, ko injinsa ya lalace. Alhali babu abin da ya lalace, ɗiba ce ta fi zubi. Maganinsa ya rage sha ko ya ƙara zubi. Idan ya sa ƙananan fitilun zamani masu shan rabin amper, 20 Ah za su koma 5 Ah. Idan kuma ya ƙara farantin rana, giɓin ya toshe.

Ƙa'ida ita ce kada a sha fiye da rabin batir kafin a sake cika shi. Shi ya sa masu manyan jirage ke ajiye batir biyu: ɗaya na tayar da inji kaɗai, ɗaya na fitilu da sauran kaya. Ko na fitilu ya ƙare, inji zai tashi.

5. Neman cuta

Likita ba ya ba da magani sai ya duba maras lafiya. Makanike na ƙwarai ma ba ya cewa a sayi sabon batir sai ya bincika. Ana farawa da abu mai sauƙi, mai araha, sannan a je ga mai wuya.

Mataki na 1: duba da ido da hanci da hannu. Kawunan batir sun yi farin gari ko kore? Wayoyin suna motsi in an taɓa su? Akwatin ya kumbura ko ya tsage? Ana jin wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai? Ruwa ya rufe faranta? Sau da yawa a nan cutar take. Cikin jirgi akwai laima kullum, ga girgizar inji. Laima tana kawo tsatsa, girgiza tana kwance noti. Tsatsa kuwa tana tare wuta kamar yadda yashi ke toshe tiyo.

Mataki na 2: a auna batir yana hutawa. Idan an cika shi sosai amma washegari ya nuna wajen bolt 10,5, ɗaki guda ya mutu. Ku lissafa: 5 × 2,1 = 10,5. Wannan batir sai canji.

Mataki na 3: a auna lokacin da ake tayar da inji. Lambar za ta sauka, wannan daidai ne. Amma idan cikakken batir ya faɗi ƙasa da bolt 9,6, ya tsufa, ba shi da sauran ƙarfi. Idan kuwa lambar ba ta sauka ba sam, inji kuma bai juya ba, batir ba shi da laifi. Wuta ce ba ta fita. A duba kawuna da wayoyi da makunni.

Mataki na 4: a auna inji yana aiki, an ɗan ƙara masa gudu. Abu uku ke iya faruwa.

a) Mita ya nuna 13,8 zuwa 14,4. Caji yana shiga. Cutar tana wani wuri.

b) Mita ya tsaya inda yake tun kafin a tayar da inji. Caji ba ya shiga. A kashe inji a danna fanbel da babban yatsa. Idan ya lotsa fiye da santimetir 1, ko yana ƙara, ko ya yi santsi, a ɗaure shi ko a canja shi. Sannan a duba fis, wato ƴar siririyar wayar da ke ƙonewa don ta tsare sauran kaya. Idan ya ƙone a sa irinsa daidai, kada a maye shi da guntun waya. Bayan haka a sake tayar da inji, a auna a bakin altaneta, a kuma auna a kan batir. Idan altaneta ta nuna 14,2 amma batir ya nuna 12,8, wuta tana ɓacewa bisa hanya: waya ta ci, ko ta yi siriri, ko mahaɗi ya yi tsatsa. Bambancin bai kamata ya wuce rabin bolt ba. Idan a bakin altaneta ma babu ƙari, laifin nata ne, ko na mai miƙe wuta. Wannan aikin makanike ne.

c) Mita ya haura bolt 15. Mai daidaita wuta ya lalace. Batir zai yi zafi, ruwansa ya tafasa ya ƙafe, fitilu su riƙa ƙonewa. Kada a ci gaba da tafiya haka.

Mataki na 5: neman ɓarawon wuta. Wani lokaci batir lafiya lau, caji yana shiga, amma kowace safiya sai a tarar ya ragu. Wani abu ne ke sha cikin dare. A kashe komi. A kwance baƙar waya daga kan (–). A sa ɗan ƙaramin ƙwan fitila mai bolt 12 tsakanin kan batir da wayar. Idan ya kama, akwai ɓarawo. Sai a riƙa cire fis ɗaya bayan ɗaya. Wanda aka cire ƙwan ya mutu, a layinsa ɓarawon yake. Sau da yawa waya ce ta goge ta kwanta cikin ruwan da ke ƙasan jirgi.

6. Kiwon batir

Rigakafi ya fi magani.

A ɗaure batir cikin akwati, a wuri mai tudu inda ruwa ba ya kai, inda iska ke shiga, nesa da tankin mai.

A wanke kawuna da ruwan kanwa, domin kanwa tana kashe kaifin asid. Amma a rufe marafan da kyau, kada ko ɗigo ya shiga ciki, don zai ɓata ruwan batir. A goge, a ɗaure wayoyi tam, a shafa giris.

Idan batirin mai marafai ne, a duba ruwansa kowane wata. Ya kamata ya rufe faranta da wajen santimetir 1. Idan ya ragu, tataccen ruwa kaɗai ake ƙarawa, wanda ake sayarwa don batir. Ban da ruwan kogi, ban da na rijiya, domin gishirin da ke cikinsu yana ɓata faranta. Ba a ƙara asid, don ruwa ne ke ƙafewa, asid yana nan. Batirin da aka rufe ruf tun daga masana'anta kuwa ba a buɗe shi.

Zafi abokin gaban batir ne. A watan Afirilu da Mayu zafin Yamai yakan wuce digiri 40. A lokacin ne kuma kogi ke janyewa, jirage da yawa su zauna bisa gaɓa. Batir yana zubar da wutarsa a hankali ko ba a aiki da shi, a zafi kuwa zubar ta fi sauri. Don haka a cire shi, a cika shi, a ajiye a inuwa, a riƙa sake cika shi kowane wata.

7. Hattara!

Ruwan batir yana ƙona fata, yana cinye tufafi, yana makantar da ido. Idan ya taɓa mutum a wanke da ruwa mai yawa. Idan ido ne a yi ta wankewa minti 15, sannan a garzaya likita.

Batirin da ake cikawa yana fitar da wata iska mai kama wuta, ana kiranta haidirojin. Ban da taba, ban da ashana kusa da shi. Kada a gwada batir ta hanyar goga waya tsakanin kawunansa, tartsatsi yana iya fasa shi.

In za a cire batir, baƙar waya ake fara kwancewa. In za a mayar, ita ce ta ƙarshe. Kada a juya wayoyi, ja a wurin baƙa. Kada kuma a cire batir inji yana aiki. Waɗannan biyun suna ƙona mai miƙe wuta nan take.

Dalma guba ce, yara ta fi yi wa illa. A shekarun 2007 da 2008, a unguwar Thiaroye kusa da Dakar, cikin ƙasar Senegal, yara 18 suka rasu saboda ƙurar dalma ta tsofaffin batura da ake fasawa a unguwar. Kada ku fasa tsohon batir. Kada ku yi wasa da abin da ke cikinsa. Kada a jefa shi kogi, inda muke sha muke kamun kifi. A mayar da shi wurin masu sayar da batura.

Abin da za mu riƙe

Batir ma'aji ne, sai an zuba masa yake bayarwa. Cikakken batir yana nuna bolt 12,6. Idan inji yana cika shi, yana nuna 13,8 zuwa 14,4. Ba a barin batir babu wuta. Kafin a ce batir ya mutu, a duba kawuna, wayoyi, fanbel da fis.

Tambayoyi

1. Don me mutuwar batir ta fi haɗari a jirgi bisa ga mota?
2. Ɗaki nawa ke cikin batir mai bolt 12? Bolt nawa kowane ke bayarwa?
3. Me ke faruwa da faranta idan batir ya daɗe babu wuta?
4. Inji yana aiki, mita ya nuna bolt 12,3. Me za ku fara dubawa?
5. Don me ba a ƙara wa batir ruwan kogi?

Lissafi

1. Batir yana da 70 Ah. Ba a son a sha fiye da rabinsa. Awa nawa fitila mai shan amper 5 za ta yi?
2. Farantin rana yana ba da amper 5 har awa 5 a yini. Jirgi yana shan 32 Ah a dare. Ah nawa suka rage inji ya biya?

Aiki

Ku zana batir cikin littafinku, ku nuna ɗakuna 6 da kawuna 2 da alamominsu. Ku je tare da malaminku wurin wani makanike na garinku, ku roƙe shi ya auna batirin mota gabanku, kafin a tayar da inji da bayan an tayar. Ku rubuta lambobin biyu, ku faɗi abin da suke nufi. A darasin Faransanci kuma, ku nemi sunayen waɗannan abubuwa: batir, dalma, maganaɗisu, fis, tataccen ruwa.